Makon da Yaya Nomau Ya Ajiye Ƙoƙo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da ciwo Ya kuma saukar da maganinsa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, ɗan rubutun da na iya a karatun manya na same shi, da furfurata. Amma tun da muka dawo daga asibiti mata ke shigowa gidana da tambaya guda, wai me ya sami Yaya Nomau, kowace kuma da irin labarin da ta tsinto a hanya. Ba magana ce ta gundure ni ba, waɗanda suka san ni sun san ba ta gundurata. So nake ta zauna wuri ɗaya yadda ta faru, ko wani gida ya tsira daga abin da ya same mu. Ɗansa Salisu ya yarda in rubuta. Shi ma Yayan na tambaye shi, ba sau ɗaya ba, kuma kullum amsarsa ita ce in rubuta.

Yaya Nomau wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga wani ƙauye muke a ƙasar Gabi, gidanmu kuma gidan Arna ne tun kakanni. A can giyar dawa ba abin ɓoyo ba ce. Da ita ake gayya, da ita ake biki, da ita ake tuna waɗanda suka riga mu. Ni aure ya kawo ni Madarunfa, na kama salla. Salisu ma da ya fara bin manyan motoci zuwa Ɗan Isa da Jibiya nan ya zauna, kusa da ni, ya yi aure a gidan wani Alhaji mai fataucin hatsi. Yaya ya tsaya a gona. Yakan zo Idi in ya ga dama, yakan kuma je inda dattawan gida ke taruwa. Ba wanda ya matsa masa.

Shansa bai zama abin damuwa ba sai da matarsa ta rasu. Da babu mai ɗora masa tukunya sai ya bar tuwo, ya bar fura, daga baya ya bar ma giyar dawar, wadda ko ba komai tana riƙe ciki. Ya koma wa wata farar giya mai zafi da ake shigowa da ita daga tsallaken iyaka, ana ce mata 'yar leda. Da ita yake karyawa, da ita yake kwana. In na aika masa da abinci, kaji ke ci. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana cewa tafin ƙafarsa na yi masa zafi kamar ya taka toka mai wuta. Mun ɗauka tsufa ne.

Ƙarshen damina, gero ya fara nuna, matar Salisu ta haifi ɗa namiji, na fari. Yaya ya hau kabu-kabu ya zo barka. Ya shiga ɗakin mai jego, aka miƙa masa jaririn, ya sunkuya zai yi masa wasa, yaron ya juyar da kai ya tsala kuka. Jarirai na yin haka ga kowa. Ba wanda ya ce masa komai, ina wurin. Amma na ga ya ɗan kawar da bakinsa gefe, ya hura numfashi a tafin hannunsa, ya shinshina. Ya mayar da yaron ya fita.

Da la'asar sai ga shi tare da limamin unguwarmu. A zaure, gaban maza, ya ce ya ajiye ƙoƙo daga ranar, ba zai ɗauki jikansa ran suna da wannan wari ba. Aka yi addu'a. Liman ya ce abin da ya wuce an binne shi, wanda ya sake tuna masa shi ya ɗauki nauyin. Magana ce mai kyau, kuma haka muke yi a nan: wanda ya tuba, ba a ambata masa jiya, ko a gabansa ko a bayansa. Salisu ya yi kuka don murna. Ni na yanka masa zakara.

Bai ci zakaran ba. Washegari hannunsa na rawa har ba ya iya kai ludayi baki. Gumi na zuba, yana amai, barci ya ƙi zuwa. Lokacin masassara ne, kowane gida da mai kwance, sai muka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, aka sayo ƙwayoyi a tebur.

Kashegarin wannan, da hantsi, yana zaune a tsakar gidana ina ba shi kunu, sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya sandare, ya faɗi gefe, jikinsa duka ya kama jijjiga. Idanu sun juye, kumfa na fita da jini, ya ciji harshe. Matan da suka zo taya aikin suna suka kwashe 'ya'yansu suka yi waje, don an ce wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma ya kamu. Wata ta jefo mini cokali daga bakin ƙofa, wai in cusa masa a baki. Na cusa, na kuwa ɓalle masa haƙori. Daga baya na ji cewa ba a sa komai a bakin mai jijjiga, juya shi ake yi ya kwanta a gefe, a kawar da abin da zai buge, kuma yawunsa ba ya kama kowa. Ku riƙe wannan, ni da haƙorin Yaya na saye shi.

Da ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Kafin azahar gidan ya cika da masu shawara. Dattawan ƙauye suka aiko cewa iskokin gida ne suka yi fushi don ya juya musu baya ba sallama, a kawo shi da baƙin bunsuru. Mutanen unguwa suka ce shaiɗan ne ke jin haushin tubarsa, a dage da rubutu da hayaƙi. Muka ba shi rubutu, muka yi hayaƙi. Wani tsohon abokinsa ya ja Salisu gefe ya ce a ba shi ko rabin ƙoƙo ne, jikin ya lafa. Salisu ya tashe shi, ya raka shi har bakin titi.

Sai maganar ƙarin ruwa. A garin nan, in mutum ya galabaita, ba a ganin an yi masa gata sai an rataya masa ledar ruwa. Har gori ake yi da ita, wai wane leda uku aka sa wa tsohonsa. Akwai wani mai allura da ke yawo gida-gida da jakarsa, an ce ya taɓa aiki a wani gidan likita. Salisu ya ɗauko shi. Ya dubi Yaya ya ce yunwa ce ta cinye shi, ruwan sukari zai tashe shi. Ya rataya leda a ƙusar da nake rataye faifai, da ta ƙare ya sa ta biyu. Bai tambaye mu komai ba, mu ma ba mu ce komai ba. Jikka shida ya karɓa. Gaskiya da yamman nan Yaya ya tashi zaune, har ya nemi goro. Muka ce an dace.

Ba a dace ba. Daga nan ciwon ya canza kama, ya bar jiki ya shiga kai. Ƙwayar idonsa ta riƙa rawa, tana kai da komo kamar mai bin kaɗawar wutsiyar saniya, ɗaya idon kuma ya karkace ciki. Ya ce mini, "Delu, ku biyu ne, wace zan karɓi ruwan a hannunta?" In ya tashi zai zaga sai ya riƙa tangaɗi kamar wanda ke tsaye cikin kwalekwale a tabki. Yana kaɗe cinnaku daga jikinsa, mu ba ma ganin ko ɗaya. Ya kira mai jego da sunan matarsa da ta rasu, yana tambayarta don me ba ta kai masa fura gona ba.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Ibrahim, muna ce masa Iro. An yanka rago, an ci, an sha. Yaya na kwance a ɗakina, ƙofa a rufe, ina zaune a bakinta ina ce wa baƙi barci yake. Bai ɗauki yaron ba. Bai ma san ana suna ba. Mutane ba su gama watsewa ba jijjigar ta sake kama shi, wannan karon ta daɗe. Alhaji, surukin Salisu, ya ce a sa shi a motarsa. A likitar garinmu, ƙaramin asibitinmu, suka yi masa allura, jikin ya saki, suka ba mu takarda zuwa Maraɗi.

Sai ga mu a mako na biyu, a babban asibiti. Wanda bai taɓa jinya a can lokacin masassara ba, ba zai gane ba. Layi tun daga bakin ƙofa, yara a bayan uwaye, wasu a shimfiɗe a tabarma a baranda. Muna riƙe da Yaya, ni da Salisu, Alhaji na gaba yana buɗe mana hanya da babbar rigarsa. Da aka zo kanmu, dokotoron mace ce, yarinya, ba ta kai Salisu ba, Hausarta da ɗan karkata irin ta mutanen yamma. Ta haska idon Yaya, ta daɗe tana kallo. Ta sa shi ya miƙa hannuwa. Sannan ta ɗago ta ce, "Baban nan yana shan giya?"

Salisu ya sunkuyar da kai. Ɗa ba ya faɗin wannan a kan ubansa, balle a gaban surukinsa. Ni ƙanwa ce, ga kuma maganar liman a kunnena. Alhaji ne ya amsa.

"Haba 'yata. Wannan dattijo ne, surukina ne. Mutumin kirki."

Alhaji ya sani. Duk Madarunfa ta sani, kuma mun san ya sani. Rufa wa surukinsa asiri yake yi, kamar yadda kowane mai mutunci zai yi a wurinmu, har na ji ya ƙara girma a idona. Dokotoro ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta abin da za ta rubuta. Gwajin jini ya nuna akwai ɗan palu, wanda a wannan lokaci ko ni aka gwada za a samu. Aka ba shi gado, aka sa masa maganin palu, da allurar kwantar da jijjiga, da wani ƙarin ruwan.

Jijjiga ta tsaya, ba ta sake dawowa ba. Amma Yaya sai ƙara nisa yake. Yana kwance ido buɗe, in ka yi magana ya dube ka kamar mai wucewa a kasuwa. Salisu ya tsugunna ya ce, "Baba, ni ne." Ya ce masa, "Sannu samari, daga ina?"

Zan faɗi na asibiti, mai daɗi da marar daɗi. Ma'aikatan sun yi kaɗan, mutum ɗaya na bin gadaje fiye da yadda ƙafa za ta iya. In ka kira sai a ce ana zuwa, ka jira har ka manta ka kira. Kowace safiya da sabuwar ordinansi, wato takardar sayen magani, wani maganin akwai shi a ciki, wani sai an shiga gari. Mai gadi ba ya barin kwano ya shiga sai lokacinsa, ko da tuwon zai sandare. Makewayi kuwa ba zan yi maganarsa ba. Salisu ya bar bin mota, ba shiga sai fita, har ya sayar da tumakin matarsa biyu. Amma a ƙarƙashin itacen da muke girki na samu 'yan'uwa. Wata mata daga Safo, mijinta na gadon da ke kusa da namu, ita ke riƙe mini Yaya in zan yi salla, ni kuma in riƙe mata nata. Ban san sunanta na yanka ba har muka rabu, Maman Sani kawai nake ce mata. Allah Ya saka mata.

Ana nan sai ga Jimmai. Jimmai ɗiyar kawunmu ce, ƙanin innarmu, wato taubashiyarmu. Kun san tsakanin taubasai babu kunya, babu abin da ba a faɗa, kuma ba a fushi. Mu 'ya'yan mace ne, don haka bayinta take ce mana tun muna yara. Ita ce kuma mai dafa giyar dawa a ƙauyenmu, yanzu ta tsufa, haƙoranta ba su fi a ƙirga ba, muryarta dai na nan. Ba ta ji addu'ar liman ba, ko da ta ji ma ba ta shafe ta ba. Ta biyo motar kasuwa da ƙwaryar fura da busasshen kifi, ta yi ta faɗa da mai gadi har ya gaji ya bar ta. Ta shigo daidai lokacin da dokotoro ke zagayen safe, tana duba mijin Maman Sani.

Tun daga ƙofa ta fara. "Ina bawan nawa? Kai Nomau, tashi ka gaida uwargijiyarka. Dubi yadda ka koma, kamar karan da akuya ta tauna."

Na tashi na tare ta, ina cewa ta sassauta murya.

"Mi zan sassauta? Shekara da shekaru yana kwankwaɗar tukunyata, ya gudu ya koma ma 'yar leda, wai tawa ba ta da ƙarhi. Yanzu kuma an ce ya yi tuban rana guda. Yo kai da ba ka cin tuwo, giya ce tuwonka giya ce miyarka, da ka aje ta mi ka bar ma cikinka?"

Na mintsine ta. "Jimmai, ya tuba fa. Ba a tunawa."

"Ya tuba ma Allah, bai tuba mini ba. Ke kuma baiwa, matsa ki ba ni wuri."

Ta zauna a bakin gadon ta ja masa kunne. Yaya, wanda bai gane ɗansa ba, ya juyo ya dube ta, bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce, "Jimmai mai tsamin tukunya."

Ta ce, "Ka ga ɗan banza. Ni bai manta ni ba."

Ban lura dokotoro ta bar abin da take yi ba sai da na ga farar rigarta a kaina. Ta ce wa Jimmai, "Mama, yaushe ya bar sha?"

"Ran da anka haihi jikan. Tsaye guda, kamar an tsinke igiya."

"Kafin nan kullum yake sha?"

"Kullum ta Allah. Tambayi waɗannan, sun hi ni sani."

Dokotoro ba ta tambaye mu ba. Ta yi wa ma'aikacin da ke bin ta magana da Faransanci da sauri, ya fita. Ta rubuta takarda ta ba Salisu, ta ce ya tafi yanzu, in babu a ciki ya bi farmasin gari, kantunan magani, ɗaya bayan ɗaya, kada ya dawo hannu sake. Sai a wuri na uku ya samu. Ƙananan kwalabe ne na allura, kuɗin kwalin bai kai na leda biyun da muka rataya a ƙusar faifai ba.

Bayan an sa masa ta farko ta kira mu baranda, ni da Salisu. Ba ta yi mana faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mana sauƙi. Ni kunnena na riƙe magana, don haka zan faɗa kusan yadda ta faɗa. Ta ce ciwo biyu ne suka haɗu. Na farko, jikin da ya saba da giya kullum, in aka yanke masa ita lokaci guda, sai ya birkice: rawar hannu, gumi, gane-gane, jijjiga, har mutuwa. Wannan allurar kwantarwa ce maganinsa, kuma an riga an yi masa. Na biyu shi ne wanda muka bari ya yi nisa. Ta ce akwai wani abu da ƙwaƙwalwa ke bukata, ana samunsa a abinci, sunansa tiyamin. Na sa ta maimaita, na yi ta nanatawa a zuci har ya zauna. A takarda bitamin be-an, wato B1, suke rubutawa. Ta ce mai shan da ba ya cin abinci, nasa ya kusa ƙarewa tun kafin ya kwanta. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya cin sukari sai da shi. In ka ɗura wa irin wannan mutum ruwan sukari ba ka haɗa masa da tiyamin ba, ɗan ragowar da yake lallaɓawa da shi sai ya ƙone gaba ɗaya. Daga nan ido ya fara rawa, tafiya ta lalace, hankali ya gushe.

Salisu ya ce, "To da an ba shi tun farko, da bai yi jijjigar ba?"

Ta ce, "A'a. Tiyamin ba ya tsayar da jijjiga, kada ku ɗauka haka. Hankali yake tsarewa. Ana ba da su tare, kowane da aikinsa." Sannan ta ce, "Ran da kuka zo idonsa ya gaya mini. Da ma na bi idon, ban bi bakinku ba."

Na tambaye ta ko zai dawo. Ta ce idon zai dawo da wuri, tafiyar a hankali. Sauran, ba ta yi mini alkawari ba.

Yadda ta faɗa haka ya zama. A mako na uku, ana yi masa allurar safe da rana da yamma, idon ya daina rawa, ya daina ganina biyu. Ya fara cin abinci da kansa, ya ci kifin Jimmai har ƙaya. Ya gane Salisu, ya gane ni, ya tambayi gonarsa ta bakin fadama ko an kori tsuntsu. Yana kawo sunayen shanun babanmu da ni na manta. Muka fara murna. Amma dokotoro takan zo ta gaya masa sunanta, ta je gado biyu ta dawo ta tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce ai yau ya fara ganinta. In ka ce ina ya je da safe, ba ya cewa bai sani ba. Sai ya ce gona ya je, ya haɗu da wane a hanya, har da abin da suka tattauna. Ba ƙarya yake ba, gurbin ne yake cikewa da abin da ya samu. Abin da ya faru da can duk yana nan a kansa. Sabo ne ba ya zama.

Alhaji ya zo dubiya bayan ya ji abin da ya faru. Ya daɗe zaune yana jan carbi. Da zai tafi ya ce wa Salisu, "Sutura na so in yi masa." Salisu ya ce ya sani. Shi ya biya sauran kuɗin gado, ba a roƙe shi ba. Salisu kuwa da farko haushin Jimmai ya ji, wai ta tsiraita ubansa a gaban ɗaki guda. Bayan an sallame mu ya huce, ya ce zai kai mata buhun dawa. Na ce ya dai san abin da za ta yi da dawa. Ya kai mata turmin atamfa, ta karɓa ta ce ai bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa kyauta, haraji ne.

An sallame mu da ƙwayoyin tiyamin na sha kullum, da umarnin abinci: wake, gyaɗa, kifi, nama in an samu, geron da ba a surfe shi ƙwarai ba. Mukan koma a duba shi. Yanzu yana gidana, Salisu ya ba da gonar aro.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka ba shi da yawa. In kuna da mai sha kullum, ya ce zai bari, ku yi murna, amma ku kai shi likita ya bari a hannunsu, kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki. Kada ku yarda a rataya masa ruwa a gida don a ce kun yi gata. In kun je, wanda zai iya faɗa ya shiga, wanda ake jin kunyarsa ya tsaya a waje. Ba kowane gida ke da Jimmai ba, mu ma tamu ta makara. Na je na gaya wa liman duk wannan, ya ce shi bai taɓa nufin a ɓoye wa mai magani ba, kuma ya faɗa a masallaci ba tare da ya kama suna ba.

Ina godiya ga dokotoro da ma'aikatanta, da Maman Sani, da Alhaji, da maƙwabtan da suka riƙe mini gida da kaji. Wanda na ɓata wa a cikin ruɗewa ya yafe mini.

Yaya yana tafiya da sanda yanzu, yakan kai bakin tabki ya dawo in akwai mai raka shi. Ya yi ƙiba kaɗan. Abu ɗaya ne ya rage mana. Tubar tasa tana cikin sababbin abubuwa, don haka ba ta zauna ba. Kusan kowace yamma, in rana ta yi sanyi, sai ya fara shafa aljihu, ya ce, "Delu, aiki wani ya samo mini 'yar leda."

Da farko nakan ce babu, sai ya yi fushi. Yanzu na bar faɗin haka. Nakan leƙa ta katanga in kira matar Salisu, ta miƙo Iro, in ɗora masa a cinya. Yaron ya yi wayo, yana kama gemu.

"Ɗan wa ne wannan?"

"Ɗan Salisu ne, Yaya. Jikanka."

"Salisu ya haihu? Ba wanda ya gaya mini."

Sai ya ɗaga shi sama yana dariya, murnar sabuwa fil kamar ta ranar farko. In ya gama sai in ce masa saboda wannan yaron ya ajiye ƙoƙo, a zaure, gaban liman da maza, ya ce ba zai ɗauke shi da wari ba.

Yakan kawar da baki gefe, ya hura numfashi a tafin hannu, ya shinshina.

"Ni na faɗi haka?"

"Kai ka faɗa."

"To, in ni na faɗa, ta zauna. Kawo mini fura."

Jiya ma haka muka yi. Yau na riga na dama furar.